La'adar Harshe: Babbar Kasuwar Yamai da Tarihin Masu Shiga Tsakani

Idan mai tumatir a Babbar Kasuwar Yamai ta ce kashinta "ɗari" ne, ba sefa 100 take nufi ba, 500 take nufi. Da dala ake lissafi a kasuwannin Nijar, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Saboda haka dala ashirin ita ce 100 ɗin da ke rubuce a jikin tsabar kuɗin, dala ɗari ita ce 500, jika guda kuma 1,000. Bazabarme ma haka yake ƙirge da nasa harshen: in ya ce waranka, wato ashirin, sefa 100 ke nan, in ya ce zangu, wato ɗari, 500 ke nan. Sunan dalar ma gado ne daga azurfar nan ta Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda ta daɗe tana yawo a hannun fatake kafin sunan ya koma kan tamma biyar ta Faransa. Duk yaron da aka taɓa aika cefane ya san wannan lissafi. Amma wanda ya ɗauki "ɗari" ya juya ta zuwa Faransanci kalma da kalma bai saɓa wa ƙamus ba, ya dai zubar wa mai tumatir kashi huɗu cikin biyar na kuɗinta. A yau da makarantu ke tunanin yadda za su koya wa ɗalibai aiki da na'urorin fassara da tafinta, ina ganin wannan kasuwa na da abin faɗa, domin tarihinta ya nuna cewa wanda ke tsayawa tsakanin harsuna biyu bai taɓa cin abinci da sanin kalmomi kaɗai ba. Abin da ake biyansa dominsa shi ne ya yarda a kama shi in magana ta karkace.

Yamai ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Damagaram. 'Yan ƙauyuka ne a bakin kogin Kwara lokacin da Faransawa suka kafa bariki a farkon ƙarni na 20. Sun mayar da hedikwatarsu Damagaram a 1911, suka sake dawo da ita Yamai a 1926, daga nan ne garin ya fara tara jama'a daga ko'ina: Zabarmawan da ke ƙasarsu, Hausawan Arewa da Adar da Gobir da Maraɗi, Fulani, Buzaye, Barebari, Gurmawa, Yarabawa, mutanen Dahome da Togo da suka zo aikin ofis. Sunayen kasuwannin kansu sun isa shaida. Babbar Kasuwa tana da suna uku, Faransawa na ce mata Grand Marché, Zabarmawa na ce mata Habu Beene, kasuwar sama, domin a bambanta ta da Habu Ganda, kasuwar ƙasa, wato Ƙaramar Kasuwa da ta ƙone a 2012. Katako da Wadata sunayen Hausa ne tsantsa, haka unguwar Zongo. Gobara ta cinye Babbar Kasuwa a 1982 zamanin Seyni Kountché, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, wata gobarar ta sake taɓa ta a 2009. Gini ya sauya, rumfuna sun sauya hannu, amma yawan harsunan da ake ciniki da su a ciki bai ragu ba.

Tsarin da ya sa wannan cakuɗa ba ta zama hayaniya ba ya girmi garin da ƙarnuka. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro sukan ratsa ƙasashen da ba a jin Hausa, wasunsu su ƙetare Kwara a Say ko Gaya. Madugu ke jan ayari, shi ke shirya da sarakunan hanya kan fito, amma in an sauka zango sai a shiga hannun mai gida, wanda a harkar shanu ake kira fatoma. Shi ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Dillali kuwa, kalmar da muka aro daga Larabci, shi ne tafintan kasuwa tun kafin a san kalmar tafinta. Yana jin harshen baƙo da na ɗan gari, ya san farashin jiya da na yau, ya san wanda "albarka" tasa ke nufin a ƙara taya da wanda tasa ke nufin ya tafi ke nan. Abin lura a nan shi ne yadda aka ɗaure shi. La'adarsa sananniya ce, ana faɗin ta a fili, ko la'ada ciki ko la'ada waje. In an ba da kaya bashi, mai gida ne ya tsaya wa mai saye, in bashi ya maƙale shi za a bi. Gidansa na nan, iyalinsa na nan, baɗi ma baƙon zai dawo, kuma labarin wanda ya ci amana kan riga shi isa zango na gaba. Masu binciken da suka zauna da Hausawan kudu, irin su Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda littafinsa ya fito a 1969, sun tarar cewa dukiya mai yawa na yawo tsakanin mutanen da ba su da takardar yarjejeniya ko ɗaya, ba don kowa waliyyi ne ba, sai don mai shiga tsakani na da abin da zai rasa.

Zuwan Turawa ya haifi wani irin mai shiga tsakanin daban. Kalmar tafinta kanta daga Ingilishi ta shigo mana, abin da ke nuna daga inda sana'ar ta ɓullo a wannan siffa. Tun ranar farko aiki ne mai haɗari: lokacin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, tare da tafintansa Olive aka kashe shi. Da mulki ya zauna, sai tafinta ya zama ƙofar da kowa ke bi kafin ya ga kumandan. Ta bakinsa ake jin yawan haraji, ta bakinsa ake jin wanda za a kai aikin tilas, ta bakinsa mai ƙara ke kai kuka, kuma ta bakinsa hukunci ke dawowa. Amadou Hampâté Bâ ya zana irin wannan mutum a littafinsa na Wangrin da ya fito a 1973, tafintan da ya fi masu gidansa sanin ƙasar, ya kuma mayar da wannan sani dukiya. A ɓangaren Turawan Ingila ma rashin yarda da tafintoci na cikin dalilan da suka sa aka wajabta wa jami'an mulki na Arewacin Najeriya cin jarrabawar Hausa. Ba adalci ba ne a ce duk tafintoci azzalumai ne. Da yawa sun sassauta kalmar da za ta jawo wa talaka bulala, sun ɓoye abin da faɗinsa zai ƙone gari. Matsalar tana ga wurin da aka tsayar da su. Ɓangare guda ke biyan tafinta, ba wanda ke iya bin sawun abin da ya faɗa, kuma talakan da aka yi wa mummunar fassara ba shi da inda zai kai kuka sai ta bakin wanda ya cuce shi. Dillali da tafintan bariki duk masu harshe biyu ne. Abin da ya raba su, ɗaya ana iya kama shi, ɗayan ba a iyawa.

Akwai zare na uku, na rubutu, kuma shi ne ya shimfiɗa wa na'ura tabarma ba tare da kowa ya sani ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, shi ne babban bakin da James Schön ya ɗebo Hausar littattafansa daga gare shi. Hukumar Fassara da ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ƙamusun Bargery na 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 da Abubakar Imam a kanta, sashen Hausa na BBC daga 1957, duk sun taru sun gina daidaitacciyar Hausa wadda ginshiƙinta karin harshen Kano ne, aronta kuma daga Ingilishi. A Nijar hanyar ta bambanta, domin makarantar Faransa ba ta ba harsunan gida wuri ba. Sai bayan samun 'yanci a 1960 aka shiga aikin gadan-gadan: taron Bamako na 1966 kan ƙa'idojin rubuta harsunan yankin, cibiyar tattara adabin baka da aka kafa a Yamai a 1968 wadda aka fi sani yanzu da CELHTO, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, taron Yamai na 1980 na daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. Aiki ne na a yaba. Duk da haka, abin da aka tara a rubuce da Hausar Nijar bai kama ƙafar na Najeriya ba, har harafi guda ma bai zo ɗaya ba, can ana rubuta 'y, nan ana rubuta ƴ. Hausar da ake ciniki da ita a Babbar Kasuwa, mai lakwal da mushe da duwan da jandarma, wadda ke tsallakawa Zabarmanci a tsakiyar jimla ta dawo, kusan duk a iska take.

Na'urar fassara kuwa ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta aka ba ta. Ana tara mata jimloli masu ɗimbin yawa tare da fassararsu, ta yi ta gwadawa har ta iya hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, ya fara komawa tsarin da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa a 2016, kamfanin Meta ya fitar da nasa mai harsuna 200 a 2022, har da Hausa a ciki. An samu ci gaba na gaske, wanda ya musa bai gwada ba. Sai dai abincin da aka ciyar da waɗannan na'urori yawancinsa labaran kafafen watsa labarai ne da littattafan addini da shafukan intanet, galibi da Hausar Najeriya, galibi kuma an haɗa su da Ingilishi, alhali takardun Nijar da Faransanci suke. Mutumin Maraɗi da ya ce zai je likita yana nufin wurin shan magani, wanda Bakano ke kira asibiti, amma na'urar da ta tashi da Hausar Kano mutum za ta gani. Jika a bakin ɗan Yamai sefa 1,000 ce, jaka a bakin dattijon Kantin Kwari a Kano naira 200 ce. Zabarmanci, wanda babban ɓangare na cinikin kasuwar ke gudana da shi, rabonsa a cikin waɗannan na'urori ya fi na Hausa ƙaranci nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna ba kuskuren ba ne, kowane tafinta na kuskure. Na'urar tana kuskure da murya ɗaya da wadda take faɗin daidai, ba ta inda-inda, ba ta cewa a maimaita mata, kuma wanda ya fi bukatarta shi ne wanda ba zai iya gane ta kauce ba. Ba ta da gida a unguwa, ba ta da la'adar da za a hana ta. In aka bar ta haka, tafintan bariki ne ya dawo cikin aljihun kowa.

Daga nan ne ya kamata a fara tunanin abin da za a koya wa ɗalibi. Kayan aikin zamani sanannu ne kuma dole a koyar da su: ma'ajiyar fassara da ke tuna jimlolin da aka taɓa fassarawa, irin Trados ko OmegaT wadda kyauta ce, rumbun keɓaɓɓun kalmomi, gyaran abin da na'ura ta fassara, manhajar da ke mayar da magana rubutu, da ɗakin gilashi mai abin sawa a kunne da tafintocin taro ke aiki a ciki tun shari'ar Nurembag ta 1945. Makarantu irin ta Buea a Kamaru, da aka kafa a 1985, sun daɗe suna horar da masu wannan aiki, amma mafi yawan horon tsakanin Faransanci da Ingilishi yake, domin zaurukan taron ƙasa da ƙasa. Ɗalibin da ya ƙware a danna waɗannan maɓallai kaɗai ya zama yaron na'ura. Wanda ake bukata shi ne wanda zai zama mai gidanta, ya tsaya mata kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa, ya sa hannu a ƙarƙashin fassara da sanin cewa shi za a bi. Wannan ba ya samuwa sai ya san inda take tuntuɓe, kuma babu wurin gwaji da ya kai kasuwa. Jami'ar Abdou Moumouni tana ƙetaren kogi, gadar Kennedy ce kawai tsakaninta da tsakiyar gari. Ajin da zai tura ɗalibai su nemi izinin 'yan kasuwa su naɗi ciniki na gaske, su rubuta shi, su ba na'ura, su ƙirga kurakuranta, su rarrabe wanne na lissafin dala ne, wanne na karin harshe, wanne na ladabin taya da sallamawa, ya koya musu abin da littafin jagorar manhaja ba zai koya ba. An ma riga an share hanya: aikin DiLAF ya mayar da ƙamusun Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci zuwa Faransanci kan kwamfuta, ƙungiyar Masakhane tun 2019 tana haɗa 'yan Afirka masu gina wa harsunansu irin waɗannan kaya, an kuma fitar da Feriji, taskar jimlolin Faransanci da Zabarmanci, a 2024.

Mai ja da wannan magana zai ce na wanke dillali fiye da kima. Zai ce dillali ma da jahilcin baƙo yake ci, yakan faɗa wa mai kaya farashi ɗaya ya faɗa wa mai saye wani, ya haɗiye tsakani, kuma ɗan kasuwar Yamai da ke zuwa Guwanzu ko Dubai a yau ya samu sauƙi da wayar da ke fassara masa ba tare da ɗan kamasho ba. Akwai gaskiya a nan, ban kuma ce a hana kowa wayarsa ba. Inda abin da ake magana a kai ƙarami ne, kuma ana iya nuna lamba a kan na'urar lissafi a tabbatar, wayar ta wadatar, ta ma fi mugun dillali. Amma a lura, mun san dillali na ha'inci ne domin ana kama shi. Al'umma ta san hanyoyin ha'incinsa, ta yi musu suna, ta yi musu magani: a tambayi dillali na biyu, a kai ƙara wurin sarkin kasuwa, a ƙaurace masa. Kuskuren na'ura bai da suna tukuna a bakin mutane, babu kuma sarkin kasuwar da za a kai ta gabansa. Ranar da kwantena ta iso Kwatano ko Lome da kayan da ba su aka yi yarjejeniya a kai ba saboda jimla ɗaya ta karkace, ɗan kasuwa shi kaɗai zai ɗauki asararsa.

Wani kuma zai ce kasuwar ba ta taɓa jiran makaranta ba, 'yan Yamai da yawa na tashi da Hausa da Zabarmanci tare, na'urar kuma kullum ƙara ƙwarewa take, abin da aka koyar bana zai tsufa baɗi. Rabin farko gaskiya ne a tsakanin rumfa da rumfa. Amma rayuwar ɗan kasuwa ba a rumfa ta tsaya ba. Takardar duwan, takardar haraji, yarjejeniyar banki, takardar hayar shago, sammacin kotu, bayanin da ke jikin kwalin magani da na maganin ƙwari, duk da harshen da mafi yawan masu rumfunan ba su yi karatu da shi ba suke zuwa. A nan ne ake cutuwa, a nan ne kuma ake bukatar wanda aka horar. Bukatar ma ta ƙaru tun watan Maris na 2025, lokacin da sabuwar yarjejeniyar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In har ana son wannan ya wuce takarda, dokoki da sanarwa da fom-fom masu yawa ne za a fassara, ba zuwa Hausa kaɗai ba, har da Zabarmanci da Fulatanci da sauransu, in ba haka ba za a cire wa wasu ƙaya a soka wa wasu. Ba za a iya wannan aiki da hannu zalla ba, ba kuma za a iya sakar wa na'ura shi ba. Batun tsufan darasi kuwa, manhaja ce ke tsufa. Iya gwada na'ura da gano inda ta yi ƙarya ba ya tsufa, kuma na'urar ba za ta ƙware a Hausar Yamai don kanta ba sai wani ya rubuta mata ita.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na uku, domin ya taɓa shawarar da na bayar kai tsaye. In ɗalibai suka naɗi maganar 'yan kasuwa suka gyara suka sa a intanet, manyan kamfanonin waje ne za su kwashe, su inganta hajarsu, su dawo su sayar wa masu maganar. An taɓa yin irinsa: Dorugu ya ba da harshensa, sunan Schön ne a bangon littafi. Wannan tsoro na da tushe, amma ɓoye harshe ba zai kare mai shi ba, zai dai bar shi da na'urar da ba ta jin sa. Abin da ya rage shi ne a yi ciniki irin na kasuwa, a faɗi la'ada a fili kafin a kunna na'urar naɗi. A gaya wa mai magana, da harshen da yake ji, me za a yi da muryarsa, a cire sunansa da sirrin cinikinsa, a ajiye taskar a hannun jami'a ko cibiya irin CELHTO da sharuɗɗan da aka rubuta na wanda zai ɗauka da abin da zai bayar, a kuma tabbatar abin da aka gina ya komo kasuwa ta hanyar da za a iya amfani da shi. Tunda yawancin masu rumfa da saƙon murya suke hulɗa a WhatsApp ba da rubutu ba, abin da zai komo musu dole ya kasance mai ji ne kuma mai magana, wanda in mai tumatir ta ce "ɗari" zai rubuta wa baƙo 500.